Ladi Ta Ƙi Cin Kaza

Da hantsi Ikilima ta leƙa ta ragar wayar da ke jikin ƙofar ɗakin, ta tarar da mesar, Ladi, a kwance rigingine. Tun daga tsakiyar jikinta har kusa da wutsiya ta birkice, cikinta fari tas yana kallon rufi. Kan ne kawai yake daidai, haɓa a ƙasa, idanu a buɗe. Can a kusurwa, kazar da aka tura mata tun jiya tana nan da ranta, tana tonon ƙasa kamar a tsakar gida take.

Ta mutu, in ji Ikilima a ranta. Wani sanyi ya fara ratsa ƙirjinta, kunya ta biyo bayansa. Sai harshen ya fito, baƙi, siriri, ya ɗanɗani iska ya koma.

Ta janyo igiyar da ta ɗaure wa kazar a ƙafa, ta fito da ita ta ƴar ƙofar da ke ƙasa, ta mayar da sakata. Kaza ta biyar ke nan da ta shiga ɗakin Ladi ta fito da ƙafarta.

Shekara goma sha tara Ladi tana gidan nan. Malam Daudu, mahaifin Ikilima, malamin gona ne kafin ya yi ritaya. Wata ranar Lahadi ya tsince ta a gindin duwatsun Roni, masu ƙona daji sun babbake mata bakin wutsiya, tsawonta bai wuce kamu uku ba. Ya kawo ta gida a buhu da niyyar in ta warke ya sake ta. Ta warke, wutsiyar ta zama dungu, shi kuwa bai sake ta ba. Ya kwashe kayan da ke ɗakin ajiya, wanda yake bango ɗaya da ɗakin kwanansa, ya gina mata ɗan tankin ruwa na siminti a ciki, ya sa ƙofar ƙarfe. Mahaifiyar Ikilima ta yi yaji sau biyu a kan wannan lamari, ta gaji ta dawo, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa bi ta gaban ƙofar ba. Mutanen unguwa ma sai da ya tsaya gaban mai unguwa ya yi alkawarin ba za ta taɓa fita ba, sannan suka sa masa ido.

Wata huɗu da suka wuce aka tsince shi a yashe a bakin wannan ƙofar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Ikilima ta nemi izini a makarantar firamaren da take koyarwa a Gwiwa, ta bar ƴaƴanta wajen uwar mijinta, ta dawo jinya. Ba ta san jinyar biyu ce ba sai da ta ga littafin: wani littafin rubutu mai shuɗin bango, a rataye a ƙusa kusa da ƙofar. Layi-layi da rubutunsa na tsutsa, kwanan wata, abin da Ladi ta ci, nauyinta. Kaza ɗaya duk bayan mako uku. Zomo in an samu. Awo duk ƙarshen wata. Shekara da shekaru, babu layin da ya tsallake.

Tun ranar da ya faɗi Ladi ba ta ƙara buɗe baki ba.

Ikilima ta ɗauki kwanon kunu ta shiga wajensa. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Idonsa na hagu ya bi ta daga ƙofa har ta zauna, yana tambayar da bakinsa ya kasa yi.

“Ba ta ci ba, Baba,” ta ce. “Amma tana nan lafiya. Kai dai sha.”

Ya kau da kai daga cokalin. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya miƙe yatsu biyu.

“Bi… bi…”

“Biyu zan ba ta? Baba, ɗayar ma ko kallo ba ta ishe ta ba.”

Ya bugi katifa da tafin hannu, yawu ya gangaro ta gefen bakinsa. Ta goge masa da bakin zani. Kusan kullum sai sun yi haka. Ranar da ya sha da yawa, cokali huɗu.

Bayan azahar aka yi sallama a zaure. Baba Na'Allah ne, maƙwabcinsu, dattijo mai kiwon awaki, wanda gidansa ya jingina da dutse kamar nasu. Ta durƙusa daga bayan labule suka gaisa. Ya tambayi mai jiki, ya yi addu'a, yana murza carbi.

“Ƴata, ɗan akuyata ya ɓata. Yau kwana uku. Na bi sawunsa har bayan katangarku, daga nan babu shi.”

“Allah Ya bayyana, Baba. Ko karnuka?”

“Kare yana barin jini.” Ya gyara murya. “Ni da mahaifinki ko a yarinta ba mu taɓa faɗa ba. Amma shi ne ya yi mana alkawari, shi ɗin kuwa ga shi a kwance. Jikokina a bayan nan suke wasa.”

“Wallahi Baba ƙofar a kulle take, mukullin yana wuyana. Wata huɗu ko kaza ta ƙi ci.”

“To, mai jin yunwar wata huɗu fa? Ban kai magana gaba ba, saboda zumunci. Amma ki nemo wanda ya sani ya duba mana.”

Da ya tafi ta kira ƙanenta Sama'ilu, wanda yake da shagon ɗinki a Kazaure. Dama shi tuni ya ce a kira masu sayen fata a huta. Ta ce masa muddin Baba yana numfashi ba za a yi haka ba, ya dai nemo malamin dabbobi.

Washegari rana ta take suka iso a kan mashin. Haladu sunan malamin, gajere ne mai furfura a gemu, da jaka a kafaɗa da sikelin rataya irin na masu awon hatsi. Ya shiga ya gaida Malam Daudu a durƙushe, sannan ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen ya daɗe yana kallo.

“Malama, ba zan ɓoye miki ba. Shanu da awaki na karanta. Maciji sai ɗan abin da na gani wajen masu wasa da shi, da wanda nake karantawa a waya. Yaushe ta fara kwanciya a rigingine?”

“Jiya na fara gani.”

“Ruwa fa?”

“Tana sha. Har ya fi na da, kullum sai na ƙara ta bututu.”

Ya karɓi littafin ya bi layukan da yatsa. “Babbar mesa takan yi watanni ba ta ci ba, ba wani abu ba ne. Abin dubawa shi ne nauyi. In ta zube da yawa, akwai ciwo. Awon ƙarshe kilo talatin da uku. Sai mun ɗora ta. Ni kai, Sama'ilu tsakiya, ke wutsiya.”

“Ni?”

“Mutum biyu ba za su iya ba. Ko mu kira maƙwabta?”

Ta ɗaure zaninta tamau.

Ɗakin da sanyi, da wani irin wari kamar na tsohuwar randa. Haladu ya yafa wa kan bargo, ya cafki bayan wuya. Ladi ta yi huci mai tsawo, irin na taya in ta yi faci, amma ba ta yi wani yunƙurin kirki ba. Ikilima ta kama dungun wutsiyar. Tun tana budurwa take tsammanin jikin yana da yauƙi, ashe a bushe yake, sumul, da sanyi, kuma a ƙarƙashin fatar wani abu yana tafiya a hankali daga hannunta na dama zuwa na hagu. Suka zura ta a babban buhu, suka rataye sikelin a reshen tsamiyar da ta lulluɓe rufin gidan. Allurar ta yi rawa ta tsaya.

Talatin da huɗu.

Ko ganyen tsamiyar ba ya motsi.

“Ɗan akuyar ne,” in ji Sama'ilu, ya ja da baya. “Yaya, kin gani ko? Ta fita.”

Haladu ya sa aka sauke buhun. Ya kwance baki kaɗan, ya zaro rabin jikin ta wajen wutsiya, ya shiga bi da yatsunsa a hankali.

“Ɗan akuya dunƙule ɗaya yake yi, a tsakiya. Duba gadon bayanta, ƙashi ya fito, ta rame. Kumburin a ƙasa yake. Malama, kawo hannunki.”

Ta ɗora. Ta ji wani abu zagayayye, ya kai girman mangwaro. Ta matsa gaba ta ji wani. Da wani. A jere suke, kamar an cusa su a safa.

“Ƙwai ne,” ya ce. “Shi ya sa ta ƙi abinci, babu wuri. Shi ya sa take juya ciki sama.”

Sama'ilu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Ƙwai kuma? Shekara goma sha tara ita kaɗai a ɗaki?”

Haladu ya ɗaure bakin buhun, ya kunna fitilar wayarsa, ya koma ɗakin. Suka bi shi. Ya duba gindin bango taku-taku har ya kai bayan tankin, wurin da ba a hangowa daga ƙofa. Can ya tsaya.

Rariya ce, wadda ake zubar da ruwan tankin ta cikinta zuwa bayan gida. Ikilima ta san ta tun da, a toshe da wani baƙin dutse da aka liƙe da siminti, sai ɗan bututu. Yanzu dutsen yana gefe, a ajiye tsaf, an ɓamɓare simintin da kurfi. Ramin ya isa mutum ya zura cinya. Bakinsa ya yi santsi, yana ƙyalli kamar bakin turmi. Ta cikinsa ana hango hasken rana da gindin duwatsu.

Haladu ya zura hannu ya janyo wani abu da ya maƙale a gefen ramin. Saɓar maciji ce, sabuwa, ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya dinga janyowa tana zuwa, har ta taru a gabansa kamar rawanin da aka warware. Ya nemo ƙarshenta ya ɗaga wa haske. Wutsiya ce cikakkiya, siririya, mai tsini har ƙarshe.

Ikilima ta kalli tafin hannunta, wanda ɗazu ya riƙe dungu.

“Ba tata ba ce,” ta ce.

A gindin tsamiya Haladu ya sake buɗe littafin, wannan karon daga baya. Ikilima ba ta taɓa kai wa can ba. A shafin ƙarshe akwai layi uku, rubutun yana rawa, ba kamar na farkon ba.

Hannuna ya fara yi mini nauyi. Yau na cire dutsen. In tana so ta tafi.

Kwana tara. Ba ta fita ba.

Sawu biyu a bakin rariya. Ɗaya ya shiga.

Kwanan watan layi na ƙarshe shi ne jajiberin ranar da ya faɗi.

Ikilima ta zauna a kan turmi. Wata huɗu yana ɗaga mata yatsu biyu, ita kuwa tana yi masa zancen kaji.

“Namiji ne daga dutse,” in ji Haladu. “Yana jin ƙanshinta daga nesa. Shi ya ɗauki ɗan akuyar, ba shakka. Yanzu yana can cikin wani kogo yana narkar da shi.”

Sama'ilu bai jira komai ba. Ya hau mashin ya samo rabin buhun siminti. Kafin la'asar ya mayar da dutsen, ya liƙe ciki da waje, ya ƙara bulo biyu ta baya. Suka duba ɗakin lungu-lungu, har cikin tankin, sannan suka mayar da Ladi suka kulle. An kira Baba Na'Allah ya ga saɓar, ya ga liƙin, ya girgiza kai. Ya ce zai sa matasa su duba kogunan dutsen, kuma yara ba za su ƙara wasa a baya ba. Game da ƙwan, Haladu ya ce a bari ta saka tukuna, zai nemi ma'aikatan gandun daji su zo su ga yadda za a yi.

“In ta saka za ta naɗe a kansu, wata biyu ko uku. Ba za ta ci komai ba, kada ki damu. Kada kuma kowa ya shiga, lokacin ne take da faɗa.”

Da yamma Ikilima ta durƙusa gaban gadon mahaifinta.

“Baba, na gane. Ka yafe mini. Biyu ne. Mun toshe ramin, ba zai ƙara shigowa ba.”

Ta yi tsammanin zai saki rai. Sai idonsa ya firfito. Ya kama wuyan hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da saura ba, yana girgiza kai, wani gurnani yana fita daga maƙogwaronsa. Ta ɗauka baƙin cikin an sake kulle Ladi ne. Ta yi ta ba shi baki har ya gaji ya sake ta.

Bayan kwana goma sha biyu Ladi ta saka ƙwai. Ikilima ta leƙa da safe ta tarar ta naɗe kanta hawa-hawa kamar gammo, kan a bisa, farare-fararen ƙwai suna leƙowa ta tsakanin naɗin. Launinta ya yi duhu, kusan baƙi. Ba ta motsi, sai dai duk wanda ya tsaya a ƙofar, idanun suna kansa. Matasan unguwa sun hau dutsen sau biyu da sanduna da adduna, ba su ga komai ba. Ba a ƙara rasa dabba ba. Mutane suka ce ya yi gaba.

Ranar da aka yi ruwan farko, gari ya waye da sanyi da ƙanshin ƙasa. Ikilima ta duba littafin, ta ga mako uku sun cika. Ta san abin da Haladu ya ce, amma hannunta ya riga ya saba. Ta kama kaza, ta ɗaure mata igiya a ƙafa, ta tura ta ƴar ƙofar, ta ɗaure ɗaya bakin a sakata. Ta tafi ta dama kunu, ta wanke kayan shimfiɗa, ta shanya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta lura gidan ya yi tsit. Babu kukan kazar.

Ta leƙa. Ladi tana kan ƙwanta yadda take tun jiya, ko ɗan naɗi ɗaya bai sauya ba, jikinta babu wani sabon kumburi. Gashin kaza biyu ko uku suna yawo a kan ruwan tankin. Ikilima ta bi igiyar da ido. Daga ƙasan ƙofar ba ta kwanta a ƙasa ba. Ta miƙe tsaye a karkace, ta ratsa ɗakin, ta hau sama, ta shige ta kusurwar silin inda wani allo ya goce ya bar baƙin rami.

Ba ta san abin da ya sa ta yi ba. Ta kama igiyar ta ja kaɗan.

Aka ja daga can. A hankali, ba da fushi ba, har sai da igiyar ta zame daga yatsunta.

Rufi ɗaya ne ya haɗa ɗakunan biyu.

Ba ta yi gudu ba. Ta dafa bango har ƙofar mahaifinta. Yana kwance yadda ta bar shi, idonsa a sama. Daidai saitin ƙirjinsa silin ya lotso, ya yi ciki kamar tantin da ruwa ya taru a kansa. Wata ƙusa ta zaro rabi. Garin ƙasa yana zubowa siriri a kan bargon. Ta tuna kwana nawa tana kakkaɓe wannan garin tana zagin gara.

“Baba,” ta ce, muryarta can ƙasa, “mu fita mu sha iska.”

Ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon. Ta sa hannuwa a hammatarsa ta zamo da shi, babu nauyi, kamar ɗaurin kara. Ta kama bakin tabarmar ta shiga ja da baya-da-baya, taku ɗaya, ta tsaya, taku ɗaya. A samansu wani abu mai nauyi ya gyara kwanciya, allunan suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗaga kai ba har sai da ta ji dugaduganta sun taka jiƙaƙƙiyar ƙasar tsakar gida.

Ta jingina shi da turmi, nesa da tsamiyar. Ta koma madafa ta ɗauko wayarta da kwanon kunun, don hannunta yana neman abin riƙewa. Lambar Sama'ilu tana kan fuskar wayar. Kafin ta danna, ta ji ana taɓa mata gwiwa. Malam Daudu ya buɗe baki, yana jira. Ta ba shi cokali ɗaya, ya haɗiye, ya sake buɗewa. Na biyu, na biyar, na tara. Idonsa bai bar rufin ba, kuma ɓarin fuskarsa mai rai ya kwanta lumus, irin kwanciyar da rabonta da gani tun kafin ya faɗi.

Aka yi gyaran murya a zaure.

“Salamu alaikum. Ƴata, na ji kamar ana jan kaya. Lafiya dai?”

Baba Na'Allah ne. Kalma ɗaya za ta faɗa, kafin azahar gidan ya cika da adduna da fetur, a yaye rufin, a fasa ƙofar ƙarfen. Ta buɗe baki. Yatsun mahaifinta suka zagaye wuyan hannunta, ba da ƙarfi ba wannan karon, ya dai riƙe.

A cikin rufin, abin ya soma jan jiki a hankali, yana komawa wajen ɗakin Ladi.

“Lafiya lau, Baba,” in ji Ikilima. “Mai jiki na fito da shi, yau ya ɗan ci abinci.”